Shekara biyu ƙafata ta hagu ba ta da aikin yi

Ranar da na karɓi motar, ban yi tafiyar minti goma ba na kusa fasa hancina a sitiyari. Na doshi wata mahaɗar hanya, na ɗaga ƙafar dama daga totur, ita kuwa ta hagu ta yi abin da ta saba yi shekara goma sha huɗu: ta miƙe ta nemi kuloci ta danna shi har ƙasa. To, babu kuloci a wurin. Gefen birki ta samu, birkin irin waɗannan motoci kuwa faffaɗa ne, kuma ba ya wasa. Motar ta kafe nan take, bel ya shaƙe ni, wanda ke bayana ya kwanta a kan hon kamar zai cire shi. Na ɗaga masa hannu na ba shi haƙuri. Daga nan har gida na lanƙwashe ƙafar na cusa ta jikin kujera, kamar yaron da aka hana fita wasa.

Motar da na sayar kafin wannan manuwal ce mai giya shida, 'yar ƙarama mai zafin nama, injin lita biyu da turbo. Sabuwar ma kusan haka take wajen inji da nauyi, kuma da gangan na zaɓa haka, don ba ƙarin ƙarfi nake nema ba. Giyabos ne ya raba su. Na sabuwar kuloci biyu gare shi, kwamfuta ke sarrafa su, feda biyu ne kawai a ƙasa, sai wasu 'yan kunnuwa biyu a bayan sitiyari, na dama ya ƙara giya, na hagu ya rage. Dalilaina biyu ne. Gwiwata ta hagu ta fara ƙorafi a cunkoso, domin kulocin tsohuwar motar tauri gare shi. Sannan wani abokina ya taɓa ɗauka ta a tasa mai irin wannan giyabos, ya taka ta daga tsaye, na ji giya na shiga ɗaya bayan ɗaya ba tare da kaina ya ko rusuna gaba ba. A manuwal, komai iyawarka, akwai ɗan lokacin da ƙarfin inji ke yankewa idan ka taka kuloci. A tasa babu wannan yankewar. Abin ya tsaya mini a rai wata da watanni.

Makon farko daɗi kawai na sha. A miƙaƙƙiyar hanya, idan na ja kunnen dama, kafin yatsana ya saki giyar ta riga ta shiga, salansa ta yi wani ɗan "fat" ta ci gaba da ja. Idan na rage giya, da kanta take ɗan ba inji wuta don gudunsa ya dace da giyar da za a shiga, abin da na shekara ina koyon yi da diddige da yatsun ƙafa. Ga shi tana yi kowane lokaci, ba kuskure ko sau ɗaya. Na ɗan ji haushin hakan, ba zan ɓoye ba.

Sai kuma aka shiga rayuwar yau da kullum, a nan kuwa gizo ke saƙar.

Abu na farko da ya fara ci mini tuwo a ƙwarya shi ne shataletale. Zan taho a hankali, ina rage gudu, in hango gurbi, in taka totur don in shige. Sai motar ta yi jim, kamar wanda aka yi wa tambaya yana tunanin amsa, sannan ta zabura da ƙarfi fiye da yadda na nema. Jim ɗin bai fi rabin daƙiƙa ba, amma rabin daƙiƙa da babbar mota na tahowa daga gefe dogon lokaci ne. Na biyu, cunkoso, wato ainihin abin da na sayi motar dominsa. Ina sakin birki kaɗan kaɗan ina bin na gaba, sai ta riƙa karkarwa tana fizga, wani lokaci ta shiga giya biyu a gudun da ni ba zan taɓa barin giya ɗaya ba. Na uku shi ya fi ba ni kunya: ribas a hawa. Inda nake ajiye mota akwai ɗan tudu, da baya nake shiga, bango na nan kusa. A tsohuwar motar da ƙafa nake auna komai, in riƙe kuloci a daidai inda yake kamawa, in matsa taƙi ɗaya in na ga dama. A wannan kuwa, in saki birki ta ɗan gangara gaba, in taɓa totur ta yi shiru, in ƙara kaɗan ta yi tsalle. Rannan saura ƙiris in daki bangon.

Bayan wata biyu na yanke hukunci cewa giyabos ɗin ya lalace, an sayar mini da ciwo. Na kai ta wurin wani dattijon makanike da ya ƙware a aikin giya. Ya sa kwamfutarsa, ya duba, babu wani laifi da ta nuna. Ya ce in tuƙa shi mu zagaya. Bai ce uffan ba har muka dawo, idonsa na kan ƙafata.

"Malam, motarka lafiyarta ƙalau," in ji shi. "Kai ne ka ɗauke ta atomatik."

"Baba, ai atomatik ce. Ga D nan a rubuce."

"A rubuce kam. Zo ka gani."

Ya kai ni wurin wani teburi da aka warware irin giyabos ɗin a kai. Gani ya kori ji. Ya ɗaga wani sandan ƙarfe mai haƙora, ya nuna mini cewa cikinsa rami ne, wani sandan ya ratsa ta ciki. Sanda ɗaya yana ɗauke da giya ɗaya, uku, biyar. Ɗayan yana ɗauke da biyu, huɗu, shida. Kowanne da kulocinsa, faranti a kan faranti suna iyo cikin mai, ɗaya a zagaye da ɗaya. Ya ce manuwal biyu ce aka zuba a akwati guda. Idan kana tafiya a giya uku, giya huɗu ta riga ta shiga a ɗaya sandan tana jira, kulocinta ne kawai a buɗe. Lokacin canji ya yi, wannan kulocin ya saki, wancan ya kama, shi ke nan. Saurin da na ji a motar abokina ke nan. Atomatik na gargajiya kuwa wani kwano ne cike da mai ke haɗa inji da giya, mai ke tura mai, shi ya sa za ka iya jan ta a hankali duk yini ba ta damu ba. Wannan ba ta da kwanon. Idan tana rarrafe, faranti ne ke gogar faranti, daidai da mutumin da ya riƙe kuloci rabi.

Sai ya zo kan maganar shataletale, a nan na fahimci komai. Tun da giya ɗaya tak za ta iya tanada a gaba, dole ta yi canki: sama za ka je ko ƙasa? Ba ta ganin hanya. Ba ta san akwai gurbi ba, ba ta san akwai babbar mota ba. Abin da take karantawa shi ne ƙafarka ta dama, da birki, da gudun taya. Idan kana giya uku kana ɗan taɓa totur sama sama, za ta ɗauka tafiyar hankali kake yi, ta tanadi huɗu. Sai kawai ka danna totur, ana bukatar biyu. To biyu da huɗu sanda ɗaya suke, sai ta fitar da huɗu tukuna, ta sa biyu, sannan ta sauya kuloci. Jim ɗin da nake ji ke nan. Ba lalacewa ba ce, ta yi canki ne ta faɗi, kuma ni na ruɗe ta.

"Kulocin yana nan, Malam," ya ce yana goge hannu. "An dai ba wani ya riƙe maka. Sai ka koyi yi masa magana."

Koyon ya ɗauke ni kusan wata uku, kuma duk ƙananan abubuwa ne. A cunkoso na daina bin na gaba taku taku. Nakan bar shi ya yi nisan mota biyu, in ɗauke ƙafa daga birki gaba ɗaya, in bar kulocin ya kama sosai, in matsa, in tsaya cak. Na baya sukan yi hon, wani lokaci wani ya kutso cikin gurbin, na saba. A hawa na daina riƙe mota da totur, wannan shi ne hanya mafi sauri ta dafa farantan, kuma littafin motar ma ya yi gargaɗi a kai, ni ne ban karanta ba. Birki nake takawa da ƙarfi, tana riƙe kanta kamar daƙiƙa biyu bayan na saki, cikin wannan lokacin nake komawa totur a hankali amma ba da shakka ba. Shakka ce ba ta so. Ƙafar da ke taɓawa tana ɗagawa, tana taɓawa tana ɗagawa, ita ke haukata ta. A shataletale kuwa magani ya zama mai sauƙi har ya ba ni dariya: tun kafin in isa nake jan kunnen hagu in sa giya biyu da kaina. Wato abin da nake yi a manuwal ke nan tun fil azal. Na sayi motar da za ta ɗauke mini tunanin giya, na ƙare ina tunanin giya kamar da, hannu ne kawai ya canja wuri.

Ribas a hawan nan dai har yau ban ce na ƙware ba. Na koma shiga da gaba.

Da na fara karance-karance a kan abin, sai na ga halin nata gado ne. Wani injiniyan Faransa, Adolphe Kégresse, shi ya fito da dabarar tun a shekarun 1930, amma a lokacin ba a kai ga ƙera ta don kasuwa ba. Porsche ne suka raya ta a shekarun 1980 a motocinsu na tsere, 956 da 962, suka kira ta PDK, don direba ya canja giya ba tare da ya ɗaga ƙafa ba, turbo kuma bai huce ba. Sai a 2003 ta shigo motar da kowa zai iya saya, Volkswagen Golf R32, da sunan DSG. Daga nan kowa ya bi: Nissan GT-R a 2007, BMW M3 da Porsche 911 a 2008, Ferrari 458 Italia ta 2009 kuwa ko zaɓin manuwal ba a ba mai saye ba. Abin da aka haifa a filin tsere, ba mamaki ya fi jin daɗin gudu a kan rarrafe. Motar tsere ba ta shiga cunkoso, ba ta ribas a tudu. Na kuma lura cewa BMW, bayan kusan shekara goma da kuloci biyu, sun koma atomatik na gargajiya mai giya takwas a M5 ta 2017, M3 ma ta bi baya, domin na gargajiyar ya ƙara sauri sosai kuma bai rasa laushinsa a cikin gari ba.

A kilomita 60,000 aka canja man giya, kamar yadda littafin ya ce. A manuwal ɗina, gaskiya, ban tuna sau nawa na taɓa man giya ba. Nan kuwa ba zaɓi ba ne, domin man da ke sanyaya kuloci shi ne kuma ke bi ta 'yan ƙananan hanyoyin ƙwaƙwalwar giyabos, wadda makanikai ke kira mekatironik, kuma garin da farantan ke zubarwa duk a cikinsa yake. Na tsaya na kalli aikin. Ta ƙasa ake ɗura man, ba ta sama ba, lita biyar da 'yan kai, da sabuwar filta mai tace man. Sai an tada inji, an bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya, ana kallon kwamfuta har zafin man ya kai tsakanin digiri 35 da 45, sannan a buɗe a bar rarar ta zube. Wanda aka fitar ya yi duhu amma ba ya warin ƙuna, dattijon ya shinshina ya gyaɗa kai. Daga nan ya sa ta sake koyon inda kowane kuloci ke kamawa, na ji tana ta ƙwas ƙwas a ciki ita kaɗai. Bayan wannan aikin karkarwar giya ɗaya ta ragu ƙwarai. Ya kuma gaya mini cewa akwai masu busasshen kuloci, wanda ba ya cikin mai, da ake sa wa ƙananan injuna. Sun fi shan wahala a cunkoso saboda babu abin da ke kwashe musu zafi. Duk mai neman irin motar nan, wannan ce tambayar da zan ce ya fara yi.

Inda motar ta biya ni duk haushin da na ji shi ne ranar da na kai ta filin tsere, irin ranakun da ake buɗe wa masu motocin kansu. Na taɓa zuwa da tsohuwar, don haka ina da abin kwatantawa. A ƙarshen doguwar miƙaƙƙiya akwai kwana mai tsanani, daga giya biyar zuwa biyu. A manuwal, wurin nan aiki ne na gaɓoɓi huɗu: yatsun dama a birki, diddige na lalubar totur, hagu a kuloci, hannu ɗaya a giya, ɗaya shi kaɗai a sitiyari, ido kuma na neman bakin kwana. Sau da yawa birkina kan yi rawa a daidai lokacin da diddige ya taɓa totur. A sabuwar, hannu biyu na kan sitiyari, na taka birki da ƙarfi ɗaya har ƙarshe, yatsa ya ja kunne sau uku. Hankalina duka ya koma kan layin da zan bi. Na fi sauri, kuma ba da kaɗan ba, na kuma fi natsuwa.

Akwai kuma wani tsoro da ta cire mini. Na taɓa kuskure a tsohuwar motar, ina son in sauko daga biyar zuwa huɗu hannuna ya kauce ya faɗa biyu. Na fara sakin kuloci ke nan na ji inji ya yi wata ƙara da ban taɓa ji ba, allurar da ke nuna gudun inji ta haura jan layi, Allah ya taimake ni na danne kulocin kafin ya gama kamawa. Na'urar da ke hana inji wuce iyaka mai kawai take yankewa, ba ta da ikon hana taya juya inji da ƙarfin tsiya, haka bawul ke haɗuwa da fistin. Mai kuloci biyu ba za ta taɓa yarda da wannan ba. Ka ja kunne a gudun da bai dace ba, sai ta yi biris da kai.

Na gwada tsarin tashin tsere sau biyu. Ka danne birki da hagu, ka danne totur da dama, inji ya tsaya a wani zagaye yana gurnani, ka saki birki ta harba. Na farko ya sa ni ihu. Na biyu daidai yake da na farko, babu bambanci ko kaɗan, daga nan ban ƙara ba.

Wannan rashin bambancin shi ne abin da na daɗe ina juyawa a raina. Filin tsere sau biyu nake zuwa a shekara. Sauran kwanakin ina tafiya ne a gudun da doka ta yarda, kuma a wannan gudun motar ba ta bukatata. A D, kafin in kai kilomita sittin a awa ta riga ta haye giya biyar ko shida don tsimin mai, inji ya yi lamo kamar mai gyangyaɗi. A S kuma, wato tsarin gudu, sai ta riƙe giya tana kururuwa a cikin unguwa kamar muna gasa da wani. Na koma amfani da kunnuwan kusan kullum, amma ja da yatsa ba ya buƙatar iyawa. Ba za ka yi shi da kyau ba, ba za ka yi shi da muni ba. Ko a hakan ma, idan allura ta kai jan layi da kanta take ƙara giya, ko da ina tsakiyar kwana ina so ta tsaya inda take. A manuwal kuwa, zuwa sayen abu a kusa ma akwai abin yi: ka sauko daga uku zuwa biyu, gudun inji ya dace daidai, motar ba ta ko girgiza ba, kai kaɗai ka san ka yi. Hannuna ya san giyar da nake ciki ba sai na duba ba. Yanzu sai na kalli lamba a gabana. Kuma daga shida zuwa uku motsi ɗaya ne a da, yanzu ja uku ne.

Ashe ba ni kaɗai ba ne. A 2013 Porsche suka fitar da 911 GT3 da PDK kawai, suka ce ya fi sauri, kuma gaskiya suka faɗa. Masu saye suka yi ta ƙorafi. A 2016 suka yi 911 R mai manuwal guda 991 kacal, aka yi wawarsu. A 2017 manuwal ta dawo GT3. Alƙaluman kamfanin da kansa sun ce mai PDK tana kai kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 3.4, mai manuwal 3.9. Mutane suka ga rabin daƙiƙar nan da idonsu, da yawa suka zaɓi mai jinkirin.

Watan jiya na haɗu da wanda ya sayi tsohuwar motata, ƙanin wani abokina ne. Ya miƙo mini makulli. Na zauna, kujerar ma ta canja, na taka kuloci na ji taurinsa har cikin gwiwa. Ta mutu a hannuna sau biyu kafin mu bar wurin, yana ta danne dariya. A kwana ta farko diddigena ya wuce totur gaba ɗaya. A ta biyu na ba ta wuta fiye da kima, ta zabura. A ta uku komai ya faɗa wurinsa, giya biyu ta shige kamar an jawo ta, na ji ina murmushi ni kaɗai. Mun yi kusan minti arba'in muna zagaye ba inda za mu.

Da muka tsaya na ce masa duk ranar da zai sayar, ya fara kira na kafin kowa.

Ya karɓi makullinsa, ya dubi ƙafata da nake murzawa. "To Yaya, gwiwar fa?"